Manna Velcro a ɗamarar wasan kwaikwayo ba tare da ɗinki ba

Wata malamar firamare ta rubuto cewa tana haɗa ɗamarun dogarai da na mayaƙa domin wasan kwaikwayon ƙarshen zangon karatu. Wasu ɗamarun an yanko su daga fatar roba, wasu daga roba mai laushi irin wadda ake yin silifa da ita, kaɗan kuma na yadi ne. Ba ta da keken ɗinki, robar kuma tana yagewa idan an bi ta da allura. Ta sayi Velcro mai gam a bayansa ta liƙa, wato abin ɗaurin nan mai ɓangare biyu da suke kama juna, ɗaya mai kaushi mai ƙananan ƙugiyoyi, ɗaya mai laushi mai gashi, amma da yara suka ɗaura suka kwance 'yan lokuta, sai ya riƙa ɓarewa daga jikin ɗamarar yana bin ɗan'uwansa. Tana tambaya ko akwai hanyar da zai zauna daram ba tare da an ɗinka ba.

Malama, abin da ya sami ɗamarunki ba ya nuna cewa Velcro ɗin da kika saya maras kyau ne. Shi ya yi aikinsa, sai dai riƙon da ɓangarorinsa biyu suka yi wa juna ya fi ƙarfin riƙon da gam ya yi wa ɗamara, don haka da aka ja sai wurin da ya fi rauni ya saki. Dukkan abin da zan faɗa miki a nan yana komawa ne kan wannan: dole riƙon da ke tsakanin Velcro da ɗamara ya rinjayi riƙon da ke tsakanin mai kaushi da mai laushi, musamman a bakin da ake fara buɗewa.

Ja iri biyu ne yake hawa kan wannan haɗin, kuma sun bambanta ƙwarai. Lokacin da yaro yake ɗaure da ɗamara yana tafiya ko yana tsalle, jan yana bin tsawon ɗamarar ne, nauyinsa kuma yana rarrabuwa a kan dukkan faɗin wurin da aka shafa gam, shi ya sa ko gam mai rauni yakan jure shi. Amma lokacin da aka kama bakin ɗamara aka ɓare, ƙarfin hannun gaba ɗaya yana taruwa a kan ɗan siririn layi guda a gefen Velcro, layin kuma yana tafiya sannu a hankali har ƙarshe. Gam iri-iri da suke da ƙarfi sosai wajen jan farko ba su da kataɓus wajen na biyu. Idan kika duba waɗanda suka lalace, za ki ga daga kusurwa suka fara tashi, ba daga tsakiya ba, kuma a wajen kwancewa suka tashi, ba a wajen wasa ba.

Daga nan za ki gane dalilin da ya sa ba na ba da shawarar a sayi Velcro mafi ƙarfi da ke kasuwa domin irin wannan aikin. Akwai wanda ƙugiyoyinsa na roba ne masu kauri, an yi shi ne domin rataye kaya a bango, mutane kuma sukan ɗauka shi ne maganin ɓarewa. A gaskiya ƙara ta'azzara matsalar yake yi, domin duk ƙarfin da ya ƙaru a riƙonsa, gam ɗin da ke ƙarƙashi ne zai biya a duk lokacin da aka buɗe. Na talakawa, wanda teloli suke saye ana auna musu da yadi, wanda bayansa saƙa ce zalla ba gam, shi ya fi dacewa, ya kuma fi araha. Bayan saƙar yana shan gam yana riƙe shi, abin da bayan mai santsi ba ya yi.

Kafin a kai ga gam, tsarin yankan da wurin ajiyewa suna rage rabin wahalar. Ki zaɓi faɗin da ya kusa cika faɗin ɗamarar amma bai kai gefenta ba. Ana samun na santimita 2, da 2.5, da 5, kuma yana da kyau a bar kamar milimita 3 ta kowane gefe domin kada bakin ya riƙa gogar tufafi yana tashi. Ɓangaren mai kaushi kada ya gaza santimita 8 a tsawo, mai laushin kuma ya kai 14 ko 15, saboda ɗamara guda ta shiga ƙugun yaro siriri da na mai jiki. Ki datse kusurwoyin huɗu da almakashi su zama kewayayyu. Wannan ƙaramin yankan yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin kusurwa mai tsini ita ce abin da farce da zare suke fara kamawa.

Mai kaushin ya zauna a kan bakin ɗamarar da ke kwanciya a ƙasa, yana kallon waje, mai laushin kuma a cikin bakin da ke hawa sama, yana kallon jiki. Idan aka yi haka, dogon mai laushin yana rufe ƙugiyoyin gaba ɗaya ko an matse ko an sassauta, ragowar da ta taɓa riga kuma ba ta cutar da ita. Wanda ya ƙirƙiri abin nan, injiniya ɗan ƙasar Suwizalan George de Mestral, ya kwaikwayo shi ne daga 'ya'yan wata ciyawa da suka maƙale wa tufafinsa da gashin karensa a 1941, ya kuma sami rajistar mallakar fasaharsa a 1955. Duk wanda ya taɓa ratsa ƙarangiya da wando ya san abin da irin waɗannan ƙugiyoyi suke yi wa zare, kuma haka mai kaushin zai yi wa leshi ko saƙi ko mayafi mai shara-shara idan aka bar shi yana kallon jiki. A ƙarshen bakin na sama ki bar santimita 2 babu Velcro, ya zama wurin kamawa.

Yanzu sai gam, kuma a nan abin da aka yi ɗamarar da shi ne yake yanke hukunci.

Ga ɗamarun roba mai laushi, wadda ake kira EVA, da kuma na fata ta gaske, babu abin da ya kai gam ɗin masu gyaran takalma, wannan mai launin ruwan zuma da ƙarfin wari da ake sayarwa a gwangwani, wanda da yawa suke kira da sunan Evo-Stik ko da na wani kamfani ne. Yana bushewa ya bar wata fatar roba mai lanƙwasuwa, saboda haka yana bin ɗamara duk yadda ta karkata ba ya tsagewa. Sai dai yawancin masu kuka da shi ba su bi ƙa'idarsa ba ne, domin shi ba a haɗa shi yana ɗanye. Da farko ki ɗora Velcro a wurinsa ki zagaye shi da alli ko biro. Ki goge cikin zanen da sanfefa har sheƙin saman ya tafi, ki kakkaɓe garin, ki share da ɗan tsumma mai sifirit, ki bari ya bushe. Sai ki shafa gam siriri a kan ɗamarar, ki shafa siriri a bayan Velcro, kowanne daban, ki tabbatar ya kai har gefe da kusurwa. Roba mai laushi da cikin fata suna shanye shafin farko, don haka idan ya bushe ki ƙara na biyu. Ki jira kamar minti 10 zuwa 15, har sai kin taɓa da bayan yatsa kin ji yana ɗan kamawa amma bai biyo yatsan ba. A lokacin ne ake haɗawa, kuma sau ɗaya ake yi, domin da zarar fuskokin biyu sun taɓa juna ba a iya matsar da su. Ki fara daga baki guda ki kwantar zuwa ɗaya bakin, sannan ki danne da ƙarfi. Irin wannan gam ƙarfin dannawa yake so, ba daɗewarta ba, shi ya sa mai gyaran takalmi yake bin tafin takalmi da guduma. A kan mai laushi kina iya bugawa kai tsaye, amma a kan mai kaushi ki ɗora wani guntun mai laushi ko kwali tukuna domin kada ƙugiyoyin su kwanta.

Abu biyu nake so ki kiyaye a wannan matakin. Idan gam ya yi yawa a bayan Velcro, yana ratsa saƙar ya fito ta gaba ya daskarar da gashin mai laushin, daga nan kuma ba zai ƙara kamawa ba. Siririn shafi biyu ya fi kauri guda. Sannan idan an riga an yi wa ɗamarar fenti, gam ɗin fentin zai kama ba robar ba, ranar da aka ja kuma fentin zai taso tare da Velcro. Wadda ba a fenta ba tukuna, ki rufe wurin da tef ɗin takarda kafin a fenta. Wadda aka riga aka fenta, ki kankare wurin har ki isa ga robar.

Fatar roba ita ce mai wuyar sha'ani, kuma ina zaton a kanta ne naki suka fi saurin tashi. Yawancinta robar PVC ce aka shimfiɗa a kan yadi, kuma domin ta yi laushi ana cakuɗa ta da wani sinadari mai kama da mai. Wannan sinadarin ba ya zama wuri guda. A hankali yana tsattsafowa ya shiga cikin gam ya narkar da shi, shi ya sa za ki ga Velcro mai gam a baya ya kama da kyau yau, bayan 'yan makonni kuma wurin ya zama yauƙi yana zamewa. Gam ɗin takalmi na yau da kullum ma yana iya gamuwa da wannan idan aka shafa shi a fuskar mai sheƙi. Mafita biyu ce. Ta farko, a duk inda ya yiwu ki manna a bayan fatar robar, wato ɓangaren yadin, wanda yake riƙe gam sosai. Mai laushin dama a ciki yake zama, don haka shi ya tsira. Ga mai kaushin da dole ya hau fuskar waje, ki nemi farin gam ɗin da masu haɗa takalma suke manna tafin roba da shi, wanda ake kira PU. Shi ana shafa shi a bar shi ya bushe, sannan a ɗan ɗumama fuskokin biyu da na'urar busar da gashi kafin a haɗa a danne. Mafita ta biyu, wadda na fi amincewa da ita, ita ce a ƙara masa ƙusa, zan kuma zo kanta.

Na yadi sun fi sauƙi. Idan yadin auduga ne ko auduga haɗe da roba, akwai Velcro da ake mannawa da dutsen guga, wanda gam ɗin bayansa sai ya ji zafi yake narkewa ya shiga cikin zare. Ana ɗora shi a wurinsa, a juya yadin, a danna dutsen ta baya gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin ledarsa, a kuma bar shi ya huce sarai kafin a taɓa. Ba a ɗora dutse a kan ƙugiyoyin kai tsaye, domin nailan ne, zafi yana nakasa su. Kada kuma a gwada wannan a kan fata ko roba ko madaurin jaka. Idan ba ki samu irin wannan ba, gam ɗin yadi na kwalba yana yi, gam ɗin takalmin ma yana yi a kan yadi mai kauri, illa dai yana iya ratsowa ya bar tabo a kan mai haske. Velcro mai gam a baya na gama-gari, irin wanda kika saya, an yi shi ne domin wuri mai tauri da santsi kamar katako mai fenti, gilashi da ƙarfe. A kan yadi saman zaren kawai yake taɓawa, shi ya sa ba ya daɗewa.

Akwai gam biyu da hannu yake saurin kaiwa gare su, kuma duka biyun ina hana su a wannan wurin. Sufa gulu yana bushewa ya yi tauri kamar gilashi, ɗamara kuwa lanƙwasuwa take yi a duk numfashi, saboda haka yana tsattsagewa. Yana kuma bin saƙar ya ƙandarar da gashin. Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, idan ya zuba da yawa a kan auduga yana ɗaukar zafi nan take har ya iya ƙona fata, wannan kuma ba abin wasa ba ne a inda yara suke. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga shi ma yana da ruɗi, domin cikin minti guda ya kama, sai mutum ya ɗauka an gama. Yana da amfani wajen liƙa duwatsun ado da tambari a jikin ɗamarar, amma a ƙarƙashin Velcro yana ɓarewa gaba ɗaya daga fuska mai santsi, kuma zafi yana sassauta shi tun kafin ya kai ga narkewa. A bazara, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yake haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana yana iya wuce 60, kuma jakar kayan wasa da aka bari a ciki kan fito da ɗamarun da suka saki.

Ƙusar da na ambata ita ce ribit, wato ƙaramar ƙusa mai kai biyu da dukawa da masu ɗinkin jaka suke haɗa hannun jaka da ita. Wannan ba ɗinki ba ne, kuma a ganina ita ce ainihin amsar tambayarki ga duk ɗamarar da ake so ta wuce wasa guda. Bayan gam ya kama, a huda rami da abin huda fata, ya ratsa Velcro da ɗamara tare, kamar santimita 1 daga baki, a zura ribit a buga. Biyu a kowane baki sun isa idan faɗin ya kai santimita 5, ɗaya kuma ya isa ga siriri. Idan ƙusoshin ba su da yawa, ki ba da fifiko ga inda ɓarewa take farawa: a mai laushi, bakin da ke kusa da wurin kamawa, a mai kaushi, bakin da ya fi nisa da ƙarshen ɗamarar, domin shi ne yake fara jin ja idan an ɗaga na sama. Ƙusar tana tare ɓarewar tun a layin farko, gam kuma yana ɗaukar jan tsawo, kowanne yana yin abin da ya fi iyawa. A kan roba mai laushi kan ƙusar yana iya nutsewa ya fice, don haka ki sa ɗan guntun fata ko roba mai tauri a ƙarƙashin kan ya zama matashi. Kawunan da suka fito ta waje ba aibu ba ne a ɗamarar mayaƙi. Idan kika jera wasu a tsawon ɗamarar, sai su zama ado. Idan ba ki da kayan bugawa, mai gyaran takalmi ko jaka na unguwa zai buga miki duka a zama guda.

Wata hanyar ba ta bukatar gam ko kaɗan, kuma ta dace da robar mai kauri. Akwai Velcro mai fuska biyu, kaushi a gefe guda laushi a ɗaya gefen, irin wanda ake ɗaure wayoyin lantarki da shi. Sai a tsaga rami a tsaye kusa da kowane bakin ɗamara, a huda ɗan zagayen rami a ƙarshen kowace tsaga domin kada ta ci gaba da yagewa, a zura madaurin ta ramukan biyu a naɗe shi a kan kansa. Haɗin yana zama a bayan yaro inda masu kallo ba sa gani, kuma idan madaurin ya gaji ana zare shi a sa wani.

Idan akwai ɗamarar da za a rataya wa takobin katako ko jaka ko kwari, kada ki ɗora wa Velcro wannan nauyin. Ki ɗaura wa yaron bel na gaske ko madaurin jakar goyo mai maƙulli a ƙarƙashi, a rataya kayan a jikinsa, ɗamarar adon kuma ta rufe shi kawai. Madaurin jaka da yawa an saƙa su ne da wata roba da kusan babu gam ɗin da yake kama ta da kyau, saboda haka idan za ki haɗa wani abu da shi, ribit za ki yi amfani da ita.

Duk gam ɗin da kika zaɓa, ki ba shi awa 24 kafin a fara haɗa Velcro ɗin ana ɓarewa. Kamun farko ba shi ne cikakken ƙarfinsa ba, kuma gwajin da ake yi cikin ɗoki bayan minti biyar shi ne yake raunana bakin tun daga ranar farko. Ki yi aikin gam ɗin takalmi a tsakar gida ko a baranda inda iska take kaɗawa, nesa da risho da murhu, domin tururinsa yana kama wuta yana kuma sa jiri. Yaran su taimaka da yanka da fenti, amma ba da wannan ba. Idan da hunturu kike aikin, ki rufe abin da kika shafa da kwali a kife yayin da yake shan iska, saboda ƙurar da ta sauka a kai tana rage kamu. Da damina kuma bushewar tana jinkiri, sai ki ƙara lokacin jira. Yana da kyau ki gama ɗamara guda ta kowane iri tukuna, ki bar ta ta kwana, ki ɗaura wa yaro mafi ƙiriniya ya buɗe ya rufe yadda ya ga dama, kafin ki shiga sauran. Ki kuma koya musu su ɗora babban yatsa a kan bakin Velcro na ƙasa yayin da suke ɓare na sama, maimakon fizga.

Game da waɗanda suka riga suka lalace, ba sai kin zubar da ɗamarun ba, amma kada ki shafa sabon gam a kan tsohon, domin sabon zai kama yauƙin ne ya tafi tare da shi. Ki murje ragowar da yatsa har ta dunƙule ta fita, abin da ya saura ki goge da sifirit, ki fara gwadawa a wani lungu na ciki tukuna saboda wasu fatun roba suna dusashewa. Idan wurin ya bushe ba ya kama yatsa, ki bi shi da sanfefa ki fara daga farko. Tsohon Velcro ɗin kuwa, da wuya a raba shi da gam ɗin bayansa, don haka ki ajiye shi domin liƙa hotuna a allon aji, ki sayo marar gam domin ɗamarun.